Hoton Sahura da Rigar Ubanta

Muntari mai hoto ba da kamara ya fara neman abinci ba. Shekara tara ya yi yana niƙa dutsen zinariya a Bagega, har lokacin da gubar dalma ta shiga gidaje. Ya sayar da injinsa, ya kwaso matarsa Dija da ɗan da ya rage musu, ya dawo Anka. Ban taɓa tambayarsa su nawa ne a da ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Ya kama shago kusa da tasha, yana ɗaukar hoton fasfo da na suna da na saukar karatu.

A bara aka yi gasar ƙwallon tebur ta 'yan mata a ɗakin taron wata makaranta a nan garin. Wadda ta ci za a aika da sunanta Gusau, tare da hotonta tana cikin wasa. Takardar gasar ta ce ba a karɓar na tsaye. Kowa ya san Sahura ce za ta ci. Ita ma 'yar Bagega ce, tana goye aka yi waccan shekarar ta gubar, kuma ta tashi da jijjiga da kan zo mata jefi-jefi. Likita ya taɓa gaya wa ubanta Barau a kiyaye mata haske mai bugun ido.

Ɗakin kuwa duhu gare shi ko da rana tsaka. An toshe tagoginsa da kwanon rufi, ƙwan lantarki biyu ne kawai ke ci can sama. Muntari ya gwada ɗauka haka nan, hoton ya fito kamar hayaƙi, ba a gane hannu balle ƙwallo. Da ya ɗora fitila mai walƙiya a kan kamarar, sai Barau ya taso daga benci.

"Muntari, in ka haska mata wanga abu ga ido, in tahi da ɗiyata gida. Ta bar wasan ke nan."

"Zauna, Barau. Ni za ka koya ma tsoron wagga cuta?"

Barau ya sunkuyar da kai, amma bai zauna ba.

Muntari ya cire fitilar daga kan kamara. Ya ɗaure ta da robar ɗaurin kayan babur a jikin wani tsani, ta bayan inda Sahura za ta tsaya, ya juya ta ga bango don hasken ya bugi bangon ya dawo a hankali. Yana da ɗan abin da ke kunna ta daga nesa. Ya gwada a kan Malama Zinatu, mai kula da wasannin. Bangon kore ne, sai ga Malama a hoto fuskarta kamar ganyen alayyahu.

"Malam Muntari, wannan ko mai gidana ba zai gane ni ba," in ji ta.

Farin abu ake bukata, mai faɗi. Ranar Juma'a ce. Barau daga masallaci ya wuto, cikin farar shaddarsa. Muntari ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Tuɓe."

"Gaban mata? Ka haukace?"

"Ai da 'yar ciki gare ka. Wa ka kallon tsoho irinka?"

Haka Barau ya hau tebur a gefen tsanin, ya ware rigar da hannu biyu ya ɗaga ta. Muntari ya juyo fitilar ta fuskanci rigar, rigar kuma ta tsare wa Barau gani. Aka fara wasan ƙarshe bai ga komai ba, sai ƙarar ƙwallo kawai yake ji.

Muntari ya ce sau uku zai danna, kuma kafin a sauya gefe. Ya durƙusa ya jira. Da ya danna na farko, rigar ta yi fari fat, hasken ya sauko wa Sahura ta gefen kunne. Ina zaune kusa da ƙafar Barau, na ji muryarsa ta bayan rigar.

"Baba Tsoho, tana tsaye?"

Na ce tana tsaye.

A na biyu ya sake tambaya, na sake amsawa. A na uku bai tambaya ba. Na ce masa, "Tana tsaye, ta ci wannan ƙwallon ma."

Da aka tashi, Sahura ta ci gasar, muka taru a kan kamarar. Biyu ba su yi ba. A na ukun Sahura ta miƙa hannu, ta cije leɓe, ƙwallon yana tsaye a iska kamar an rataye shi da zare. Har gumin goshinta ana gani.

Barau ya zauna a ƙasa, rigar a cinyarsa. Ya kira ta.

"Sahura, hasken bai dame ki ba?"

Tana shan ruwa, ta sauke gorar.

"Wane haske, Baba? An riga an ɗauka?"

Muntari ya juya baya yana kwance robar. Ya daɗe yana kwance ta.