Dutsen da Kawu Yake Tare Taya da Shi

Jiya na ga an tare tayar wata mota da dutse a gangaren kasuwar Tahoua, sai Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya faɗo mini a rai.

Motarsa ba ta tashi da makulli, don haka ba ya ajiye ta sai a kan gangara, ya sa mata dutsen da ya ɗauko daga gonarsa ta Kalfu. In zai tafi, ya janye dutsen, ta gangara tana tari har ta kama. Rigarsa kullum warin fetur take yi. In an ce ya sayar da motar, yakan ce, "Tsohuwa ta, lallaɓa ta aka yi."

A shekarun nan na yawan yajin aiki, wata rana motar ta mutu masa a ƙofar lakwal ɗin da nake koyarwa, wurin kuwa babu gangara. Ina tsaye cikin abokan aiki, sanye da sabuwar farar shadda. Ya ɗaga murya, "Ɗana, taho ka kama mani!" Na kau da kai kamar ban ji ba. Shi kaɗai ya tura ta, hannu ɗaya a sitiyari, gumi na ɗiga daga gemunsa. Bai taɓa yi mini maganar ba.

Ranar da ciwo ya kayar da shi, na tura motar nan da iyakar ƙarfina don mu kai shi asibiti. Kafin ta tashi ya cika.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sassauta maka hanya. Wallahi na ji kiranka ranar nan.