Allurar Hanne da Kwana Goma Sha Tara na Azumi

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar da Malam Buba ya yi sallama a ƙofar ɗakina. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya a wani asibitin ƙauye ta wajen Ringim, ana tsakiyar zancen shari'a, kowa yana taka-tsantsan da bakinsa. Ɗakin tazarar haihuwa nawa ne, can bayan ɗakin awo, inda mace za ta shigo kamar ta ɓata hanya.

Ƙa'idarmu a lokacin, ba a yi wa mace allurar wata uku sai mijinta ya sa hannu ko ya dangwala a kati. Yanzu ku yara kuna da magunguna kala-kala, mata na zuwa da rana tsaka. Mu kuwa kwali ɗaya ake aiko mana daga Dutse, muna lallaɓa shi kamar ƙwai.

Hanne matar Malam Buba ce, makiyayi mai limancin rugarsu. Haihuwarta ta bakwai ta kusa tafiya da ita, sai da aka yi mata ƙarin jini. Saura kwana kaɗan azumi ta zo mini da goyo, ta ce, "Sista, ki rufa mini asiri, in na sake kwanika ba zan tashi ba." Kwanika ita ce ciki a kan goyo. Na tambaye ta ko Malam ya sani, ta sunkuyar da kai. Na dube ta, duk ta zama ƙashi, na yi mata allurar ba sa hannu. Garin sauri ban gaya mata allurar kan kawo ɗigon jini ba.

Ranar ashirin ga azumi sai ga Malam Buba da sandarsa, Hanne a bayansa lulluɓe. Na san in maganar ta kai gaban mai gari za a rufe ɗakin, ni a kore ni, ita kuma ƙila igiyar aurenta ta tsinke. Hajiya Ladi, shugabar asibitin, ta leƙo ta raɗa mini, "Talatu, kina da sa hannunsa?" Na girgiza kai. Ta ce, "Kin kashe mu."

Na shimfiɗa masa tabarma. Muka gaisa, gaisuwar da na so kada ta ƙare.

"Ke kika yi mata allura?"

"Ni ce, Malam."

"Kin san kwana goma sha tara ba ta kai azumi ba, goshinta bai taɓa ƙasa ba?"

Ashe tun da ɗigon ya fara, Hanne ta ɗauka al'ada ce, ta ajiye sallah da azumi. Kunya da tsoro suka hana ta tambaya, har ya lura da kansa ya tsare ta.

Ya ce, "Yarinya, ni na yi yawon neman jini ranar da ta haihu. Da an tambaye ni hutunta, da na ba da. Amma jinin da ya wuce kwanakin mace da kwana uku, jinin ciwo ne, wanka za ta yi ta yi sallarta. Wannan kowane malami ya sani. Ke da kika san allura, me ya hana ki faɗa mata abin da za ta gani?"

Duk tsorona yana kan kati, ban taɓa tuna sallarta ba.

Ya karɓi katin ya rubuta sunansa da ajami, ya ce Hanne ta dawo in wata ukun ya cika. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Za ta rama azuminta. Ke kuma ki san naki rabon a ciki."

Daga ranar ban sake ɗaukar sirinji ba sai na zaunar da mace na yi mata bayanin jinin, na ce ta tambayi malami hukuncinsa. Mutanenmu ba hutun mace suke ƙi ba, ɓoye-ɓoye suke ƙi. Bayan sallah Hanne ta fara ramuwa, ni ma na ɗauki azumi tare da ita, kwana goma sha tara.