Ɗauko Inna a Kan Tayar Manni da Tayar Yanka

Birnin Kudu

Ladan bai yi kiran farko ba na buga wa Sabo ƙofa. Ƙanin mijina ne, shi zai ja tsohuwar a-kori-kurar gidanmu mu ɗauko mahaifiyata, Inna, daga ƙauyenmu da ke bayan Fagam. Yanar ido ce ta rufe mata ido biyu shekara da shekaru. Likitocin ido sun sauka a asibitin garin nan, kuma ranar ce ta ƙarshe da za su karɓi mutane. In la'asar ta wuce ba mu kai ta ba, sai kuma baɗi, in da rai.

Ana gobe tafiyar muka je neman taya, don na bayan motar sun suɗe kamar tafin hannu, ga shi tsakiyar damina. Sabuwa kam ba ta talaka ba ce. Sabo ya kai ni rumfar wani Malam Iliya, tun daga yadda suka tafa suna dariya na ce a raina, da walakin, goro a miya. Ya fito mana da iri biyu. Akwai ta manni, wato tsohuwar taya da aka manna wa sabon baya mai manyan haƙora don shiga laka. Akwai ta yanka, tsohuwar da aka bi da wuƙa mai zafi aka sake zana mata haƙora, aka shafe ta da baƙin mai sai ƙyalli take. Kuɗinta kusan rabin na waccan.

Na ce, "Malam, tsakani da Allah wacce ta fi?"

Ya ce, "Hajiya, duk biyun lafiya lau."

Ai shi ke nan ya gama da ni. Na ce a sa mana ɗaya-ɗaya, in wannan ta ci amana waccan ta rufa asiri. Sabo ya ce, "Yaya, mota fa za ta riƙa ɗingishi." Na ce ta yi rarrafe ma, in dai za ta kai.

Gwaram

Muna idar da sallah muka ɗauki hanya. A wani shinge jami'i ya haska tayoyin, ya kwashe da dariya, ya ce wa ya sa wa motar takalmi wari da wari? Gari ya waye mana a Gwaram, muka sha koko da ƙosai a bakin tasha, wani direban bas ya ce an kwana ana ruwa a wajen Fagam. Na lura Sabo yana yawan leƙa ta mannin yana shafa ta. Na ce, "Kai, ko la'adarka ce a ciki kake lallaɓa ta?" Ya ce wallahi zafinta kawai yake ji. Ni dai ban yarda ba.

Fagam zuwa ƙauye

Inda kwalta ta ƙare Sabo ya tsaya ya fara sace iskar tayoyin baya. Na yi tsalle na ce, "Kai, lafiyarka kuwa? Iskar da muka biya aka sa?" Ya ce haka ake shiga laka, taya mai taushi ta fi kama ƙasa. A fadamar da ke gaban ƙauyenmu aka yi ta. Motar ta nutse har gindi. Ta yankan nan mai ƙyalli laka ta cike mata haƙora nan take, ta koma sumul, sai juyi take a banza tana watsa mana caɓi. Araha dai ba ta ado. Wasu manoma uku suka ajiye fartanya suka sa kafaɗa, ta mannin ta ciji ƙasa, muka fita da kyar. Har ga Allah da na hango su tsaye kusa da wurin na zarge su da haƙa rami don motoci su maƙale, sai ga shi ko ruwan da na miƙa musu ba su karɓa ba.

Na sami Inna ta yi wanka tana zaune a bakin ɗaki, amma ta ce ba inda za ta. Wai an gaya mata cire idon ake yi a wanke a faranti. Na yi lallashi, na yi rantsuwa, har hantsi ya yi zafi. Da na fashe da kuka ne ta laluba sandarta ta ce, "To Dije, in sun cire ai ba abin da na rasa."

Komowa

Mun sake ƙetare fadamar da taimakon mutanen nan. A Fagam da za mu mayar wa tayoyin iska muka tarar mai faci ya rufe ya tafi ta'aziyya, sai famfon keke muka ara, Sabo ya yi ta bugawa har ya jiƙe, iskar ba ta kai ba. Azahar ta yi mana a Gwaram. Daga nan ya taka mota, rana ta buɗe, kwalta ta ɗau zafi, ni kuma idona na kan agogo.

Inna tana zaune a tsakaninmu. Can sai ta kama hannun Sabo ta ce, "Yaro, tsaya. Ƙafar motarka ta wajen Dije tana tafi."

Ni ban ji komai ba, shi ma haka. Na ɗauka dabara ce ta fasa tafiyar, na ce ya ci gaba. Ta ɗaga murya ta ce, "Na ce ka tsaya!" Ya gangara gefe. Innalillahi! Bayan ta mannin ya ɗago ya kai tsawon kamu biyu, yana reto, robar tana wari. Da mun ƙara gaba kaɗan a wannan gudun, Allah kaɗai ya san inda za a tsince mu. Sabo ya cire ta ya ɗaura tsohuwar safaya. Ta yankan da na raina ita ta kawo mu, ko da yake da muka iso waya ta fara leƙowa daga cikinta. Mai tambaya wacce ta fi, ga amsata: ɗaya ba ta iya laka ba, ɗaya ba ta iya kwalta ba, Malam Iliya kuma mu haɗu.

Birnin Kudu kuma

Ana kiran la'asar muka shiga asibiti, Inna ce ta biyun ƙarshe da aka karɓa. Ido ɗaya suka yi mata. Washegari da safe aka cire bandejin, na durƙusa a gabanta. Ta daɗe tana ƙifta ido, sannan ta miƙo hannu ta taɓa gefen ɗankwalina.

Ta ce, "Dije, yaushe kika yi furfura?"

Da yamma muka kawo ta gida tana ta nuna abubuwa a hanya tana faɗin sunansu. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga manoman fadama, da Sabo, wanda har yau ban gama binciken maganar la'adarsa ba.