Mai Allon Dogon Gini Ya Rasu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina cikin kwance wani agogon bango aka kira ni a waya aka ce Mai Allo ya rasu a asibiti, bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu tafi. Na ajiye sukudireba. Ko labarin rashin lafiyarka ban ji ba, Yaya, kuma laifin nawa ne.

Waɗanda ba su san ka ba, bari in gaya musu. Shekara talatin da huɗu ke nan da aka rushe tsohuwar tashar mota ta tsakiyar gari aka tayar da abin da muke kira Dogon Gini: hawa uku na kantuna a ƙasa, hawa tara na ofisoshi a sama, ga ruwa yana tsartuwa a tsakiyar falo, ga matakala mai tafiya da kanta wadda mutane ke zuwa daga nesa su hau su sauko ba su sayi ko allura ba. A bakin babbar ƙofa akwai wani baƙin allo cikin gilashi, mai ɗauke da sunan kowane kanti da kowane ofis da hawan da yake. Fararen haruffan roba ne ake soka su ɗaya bayan ɗaya. Kai aka ɗauka ka kula da allon, ka kuma nuna wa baƙo hanya. Tun ranar da aka buɗe ginin kake wurin, har sunanka na yanka ya ɓace mana.

Na zo ina saurayi, na kama ɗan shago mai lamba ashirin da bakwai a ƙarƙashin matakalar. Kwana huɗu babu wanda ya leƙo ni. A na biyar ka zo ka ciro agogonka ka ce in duba, yana maka wasa da lokaci. Na buɗe, lafiyarsa ƙalau. Ka ce, "Ci gaba da dubawa, ƙanena. A bari mutane su ga ana tsaye a shagonka." Ka tsaya rabin awa kana ɗaga murya kana yabon hannuna, har wani ma'aikacin banki ya tsaya ya cire nasa.

A shekarun nan allon cike yake maƙil, har harafin A ya ƙare maka. Sai ka riƙa kifa V ka manna mata ɗan guntun takarda a tsakiya. Wani lauya na hawa na bakwai ya gane, ya sauko yana faɗa wai an yi wa sunansa ha'inci. Ka saurare shi har ya gama, sannan ka ce ya yi haƙuri, da zarar wani ya tashi za ka ba shi A ta gaske, har biyu in yana so. Muka yi ta dariya, don a lokacin ba mu taɓa zaton wani zai tashi ba.

Aka yi sabuwar hanya ta bayan gari, aka gina wata kasuwa can mai filin ajiye motoci. Banki ne ya fara tafiya. Kamfanin inshora ya bi shi, ya bar hawa biyu cur babu kowa, kuma da ma ma'aikatansu ne ke cika kantunanmu da tsakar rana. Gidan sinima ya rufe. Matakalar ta tsaya aka ce ana jiran kayan gyara, har yau ana jira. Aka kashe ruwan falo, aka jera bokitai inda rufi ke yoyo. An sayar da ginin sau uku, kowane sabon mai shi ya zo da zanen abin da zai mayar da wurin, ya manna a bango ya tafi. Wata rana ka buɗe mini gwangwanin haruffanka ka ce, "Ka ga A, ta ishe ni har ta yi saura." Ba ka yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Kana da ƙa'ida guda wadda babu manajan da ya iya karya ta. Ba ka cire sunan mutum sai ya zo da ƙafarsa ya yi maka sallama ya faɗi inda ya nufa. Sannan ka jera SUN KOMA a gaban sunan, da sabon titin, ka bar shi wata uku. Ba ka taɓa yarda ka jera SUN RUFE ba. Na ga ranar da wata tsohuwa ta zo neman ofishin fanshon mijinta, shekara biyu bayan tashinsa. Ka rubuta mata adireshin, ka ga ba ta iya karatu ba, sai ka kama mata jaka ka raka ta har ka sa ta a mota, ka yi wa direba bayani sau biyu.

Ni ne na sha dafa kafaɗarka ina cewa ni da kai za mu ja ƙofar ginin nan ranar ƙarshe. Da abin ya ci tura, na samu wuri a sabuwar kasuwar. Kunya ta hana ni fuskantarka. Na kwashe kayana ranar Lahadi, ranar da na san ba ka zuwa. Na ce gobe zan dawo in gaya maka. Goben nan ta kai shekara uku.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ko mako ban yi ba mutane suka fara zuwa sabon shagona suna cewa dattijon nan na Dogon Gini ne ya kwatanta musu. Ka san inda nake tun farko. Duk wanda ya zo sai ya ce mini sunana yana nan a allo, lamba ashirin da bakwai, babu komai a gabansa. Na gane jirana kake. Sau biyu na hau mota har na hango saman ginin, na sauka a tashar da ke kafinsa na juya.

Jiya na je gidanka gaisuwa. Mai ɗakinka ta gane ni tun daga ƙofa. Na durƙusa na tambaye ta ko ka tafi da fushina. Ta share ido ta ce, "Mai agogo, wane fushi? Kullum in na ce masa mutumin nan fa ya tashi, ka cire sunansa, sai ya ce, bar shi, ai bai yi mini sallama ba, yana nan ke nan."

Wata mai zuwa za a fara rushe ginin, kantuna shida kawai suka rage a ciki. Ban damu da ginin ba kamar yadda na zata. Kai na so in tarar, kuma tafiyar minti ashirin ce tsakaninmu. Ka yafe mini, Yaya.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka yi shekaru a tsaye kana nuna wa bayinsa hanya, Allah ya sa a karɓe ka da rahama, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka mata uku, da jikokinka, da masu gadi da masu shara da kuka tsufa tare a bakin ƙofar nan. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.