Inda Tafiyar Hashim Ta Tsaya

A unguwar Bagdadiyya ta birnin Jidda aka haifi Hashim, a ɗakin ƙasa na gidan su Raed, inda mahaifiyarsa A'i ta ƙare rayuwarta tana girki. Bahaushiyar Sudan ce 'yar Mai Wurno. Ta ƙetaro da jirgin ruwa daga Sawakin tana budurwa, ta zo aikin hajji da iyayenta, ba ta sake komawa ba. Mijinta dako yake yi a kasuwar Balad, ya rasu Hashim yana rarrafe. Tsakanin Hashim da Raed, ɗan masu gidan, 'yan watanni ne. Da uwar Raed ta kwanta ciwo bayan haihuwa, A'i ce ta haɗa su ta shayar. Don haka 'yan'uwa ne na nono, kuma Raed ba ya gajiya da faɗin haka a gaban baƙi.

Tare suka yi ƙwallo a lungu, tare suka sha duka. Da suka girma Raed ya tafi jami'a, ya gaji kantunan fenti na ubansa. Hashim ya koyi gyaran mota a wata warsha a Khumra, daga baya ya koma tuƙa Raed, Raed ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma. Iƙamar Hashim, wato takardar izinin zama, da ta matarsa Zubaidatu, da ta 'ya'yansu, duk a hannun mutumin suke. Hashim bai taɓa jin nauyin abin ba. Mutum ne mai saurin dariya, mai son labarin garuruwan da bai taɓa gani ba. Ya haura hamsin a bakin teku, amma ƙafarsa ba ta taɓa hawa jirgin ruwa ba, bai kuma taɓa fita ƙasar ba.

Tun suna samari Raed ke da wata magana: wata rana za su ɗauki mota su bi gaɓar teku har ƙarshen arewa, su kwana a duwatsun Tabuk, su gangaro Duba su hau babban jirgin da ke ƙetarawa Masar. Shekaru suka yi ta wucewa maganar tana nan. Sai a sanyin shekarar da ta gabata, suna dawowa daga kanti, Raed ya dafa kafaɗarsa, ya kira shi da alkunyar sunan ɗansa.

"Yalla ya Abu Nasir, bana za mu yi ta. Kawo fasfonka, sauran ka bar mini."

Hashim ya shiga gida kamar an yi masa albishir da Aljanna. Zubaidatu na tsintar shinkafa, ta saurare shi har ya gama.

"A matsayin me za ka je?"

"Ban gane ba."

"Ɗan'uwa, ko sawwag, direba?"

"Haba Zubaidatu. Tun muna yara muke shirin nan. Idan ban tuƙa ba wa zai tuƙa, shi da bayansa ke ciwo?"

Zubaidatu ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Yayarta Mansura na Alƙahira tun da yaƙi ya koro su daga Khartum, hawan jini ya sa ta a gaba. Zubaidatu ta haɗa mata saƙo: magani, turaren wuta, mayafi biyu. Ta yi wa mijinta dambun nama na hanya. Shi kuwa ya kwana biyu a ƙarƙashin motar yana duba komai, ya sayi jibgegiyar rigar sanyi a Balad, ya sanar da duk wanda suke sahu ɗaya a masallaci cewa zai ga Masar.

Ranar tafiya ya tarar da Mish'al, ƙanin matar Raed, tsaye a ƙofa da jakunkuna. Ba wanda ya gaya masa su uku ne. Ya loda kayan, suka kama hanya.

Suka wuce Rabigh, suka wuce Yanbu, teku na hagu tana walƙiya. Bayan Umluj suka bar kwalta mai faɗi suka nufi cikin ƙasa. Gari ya ƙare, waya ta daina kamawa. Sai baƙaƙen duwatsu da raƙuma marasa makiyayi, sai jajayen tsaunuka tsaye kamar an yanka su da wuƙa. Wani lokaci su yi rabin yini ba su haɗu da mota ko ɗaya ba. Hashim yana tuƙi yana salati, idonsa ya kasa ƙoshi.

Duk inda suka yada zango, shi ke kafa tanti. Shi ke nemo itace, ya dafa shinkafar kabsa, ya zuba shayi, ya wanke tukwane da ruwan da ke yanka hannu. Su biyun suna kishingiɗe a kan darduma suna ɗaukar hoto. Mish'al bai taɓa kiran sunansa ba. "Ya sawwag, gawayi." "Ya sawwag, barguna." Raed yana ji. Sau ɗaya ya ce, "Ɗan'uwana ne fa," yana dariya, Mish'al ma ya yi dariya, aka wuce wurin.

Amma akwai wata safiya a wani kwari mai dabino da ruwa na gudu a ƙasansa. Mish'al na barci. Raed ya fito lulluɓe da bargo, ya zauna kusa da Hashim a kan dutse, suka sha shayi a kofi ɗaya. Ya soma magana da guntuwar Hausar da ya koya a bakin A'i.

"Inna A'i, ta ce, Ra'idu, ci tuwo, kar ka kuka."

Hashim ya yi dariya har da hawaye. Suka tuna mata faɗanta da addu'o'inta, rana ta fito ta rina dutsen ja. Hashim ya ce a ransa Zubaidatu ba ta san mutumin nan ba.

Da la'asar suka isa Duba. Tun daga nesa Hashim ya hango jirgin, fari, ya fi duk gidajen Bagdadiyya tsayi, manyan motoci na layi a bakinsa. Ya tsaya inda aka nuna masa, ya sauke jakunkunan su Raed, sannan ya jawo tasa da ƙunshin Mansura. Mish'al ya dube shi.

"Wannan fa? Ina za ka da ita?"

Hashim ya dubi Raed. Raed na duban wayarsa.

"Ba ka gaya masa ba?" in ji Mish'al. "Motar ba za ta ƙetara ba. Mu ta sama za mu dawo. Kai za ka mayar da ita Jidda."

"Raed?"

Raed ya sa hannu a aljihu ya ciro fasfon, ya miƙa masa. "Wallahi ya akhuya, ɗan'uwana, bizar Masar ta yi wuya ga 'yan Sudan yanzu. Na tambaya, aka ce sai an daɗe. Na ce kar in ɓata maka rai tun daga gida. Ai ka ga duwatsu, ka ga arewa. Shi ne ainihin tafiyar."

"Tun yaushe ka sani?"

"Khalas, ya isa, ya Hashim. Kar mu yi wannan a gaban mutane."

Hashim ya juya fasfon a hannunsa. Abubuwa da yawa suka taso masa, ya rasa na farko. Abin da ya fito daga ƙarshe shi ne, "Saƙon yayar Zubaidatu. Ba ta da lafiya."

Mish'al ya ce kaya sun yi yawa. Raed ya kwance ƙunshin ya ɗauki ledar maganin kawai, ya yi alkawarin kai mata da hannunsa. Ya rungumi Hashim, ya sumbaci goshinsa, suka ja jakunkuna suka shige.

Hashim bai jira tashin jirgin ba. Ya juya motar. Ya kwana a wani masallacin gefen hanya kusa da Wajh, da safe ya ci dambun da ya rage, ya ci gaba. Tekun ta koma damarsa, bai ko waiwaye ta ba. Abin da ya fi ci masa rai ba jirgin ba ne. Safiyar kwarin nan ce. Raed ya zauna da shi yana kwaikwayon muryar A'i, alhali fasfon na aljihunsa, ya san inda za a ajiye shi.

Da ya shiga gida Zubaidatu ta dubi fuskarsa, ta dubi ƙunshin da aka kwance, ta je ta ɗora ruwan wanka. Ba ta tambaye shi komai ba sai da ya faɗa da kansa. A masallaci aka yi ta tare shi, yaya Masar? Yakan ce, "Na kai su, na dawo."

Ya yi tunanin barin aikin. Ya je Khumra wajen tsohon maigidansa na warsha, mutumin ya ce yanzu da kwamfuta ake gyaran mota, samari suke nema. Ko da an ɗauke shi, sai an canza kafili, takardun iyali duka su shiga lilo. Ya dawo gida bai sake tayar da zancen ba.

Da su Raed suka dawo, shi ya je filin jirgi ya ɗauko su. Raed ya yi ta nuna masa hotuna a waya. Da yake sauke kaya a ƙofar gida, Raed ya buɗe jaka ya ciro ledar maganin yadda aka ba shi.

"Alƙahira cunkoso, wallahi. Ban samu lokaci ba."

"Ba komai, ranka ya daɗe," in ji Hashim. Da Larabci ya faɗa, irin yadda ma'aikatan kanti ke yi wa maigida.

Raed ya ɗago. "Ni kake ce wa haka?"

Hashim ya ɗauki jakar ya shigar da ita ciki.

Har yau shi ke tuƙa shi. Yana zuwa kan lokaci, motar tana ƙyalli, ba ya fara magana sai an yi masa. Da azumin bana Raed ya aiko a kira shi shan ruwa a falo tare da baƙi. Hashim ya ce a gaya wa maigida ya gode. Ya zauna a bakin ƙofar gareji da dabinonsa da gorar ruwa, yana jiran kiran salla.