Kwamfutar Kawu da Ta Ƙi Buɗewa

Ni mutum ne mai saurin baki, kowa a layinmu na Sabon Gari ya san haka. In ka kawo mini kwamfuta ka fara koya mini aikina, sai in miƙa maka sukudireba in ce bismilla. Na daɗe ina gyara a Gusau, na lalata na gyara, amma ban taɓa jin tsoron taɓa na'ura ba sai ta kawuna.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya yi aikin rubutu a kotu har ya yi ritaya, ya zauna a Tsafe. Mutum ne mai murya, in ya yi gyaran murya a zaure, na ƙuryar ɗaki ma sai ya gyara zama. Bayan ya bar aiki ya samu wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ya riƙa zama da hantsi yana ɗaukar maganarsa a ciki. Tarihin gidanmu, wa ya haifi wa, yadda kakanmu ya baro Furfuri ta ƙasar Bungudu, da duk abin da ya zo masa a rai. Mu kuwa muna yi masa dariya a bayan ido. Ran nan ya faɗi a wajen alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke ɗif. Yana ji, yana gani, yana gane mutane, amma ko ruwa ba ya iya cewa a ba shi.

Wata bakwai da faɗuwarsa, 'yarsa da ke aure a Damba ta shigo shagona da kwamfutar naɗe cikin ɗankwali. Taubashiyata ce, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

"Injiniyan bakin titi," ta ce, amma ba ta yi dariyar da ta saba ba.

"Hajiyar Damba, yau kuma me aka fasa?"

Ta zauna a benci ta ɗora abin a cinyarta. "Sati biyu kafin Baba ya faɗi ya ce mani ya aje mani magana cikin wagga aba. Ya ce ranar da ba ya nan in saurara. To ga shi yana nan, kuma ba ya nan. Ni dai muryatai nika son in ji."

Na kunna. Sikirin ya kawo baƙi, da ɗan akwati a tsakiya da hoton kwaɗo. Wannan ba makullin da kowa ya sani ba ne, na bayan kwamfuta ta gama tashi, wanda nake cirewa ina hira. Na bayos ne, 'yar manhajar da ke zaune cikin wani ɗan mitsitsin kayan lantarki da muke kira aisi, a jikin bod, wato allon da duk kayan cikin na'ura suke kai. Ita ke tada kwamfuta tun kafin komai ya motsa. In ta ce ba a wucewa, ba a wucewa. Da wata kwamfutar ce, da sai in zare ma'ajiyarta in kwashe kayan ta wata hanya. Da na buɗe bayan wannan, sai na tarar ma'ajiyar a liƙe take da bod, da dalma, ba ta cirowa. Ma'ana, in bod ɗin nan ya mutu a hannuna, muryar Kawu ta bi shi.

"Kun tambaye shi kalmar sirrin?"

"Mun tambaye shi. Ya rubuta da hagu, da ƙyar. Furfuri ya rubuta."

Na buga Furfuri. Ta ƙi. Na buga da manyan baƙaƙe, ta ƙi. Na buga Hurhuri yadda tsofaffinmu ke faɗa, sai ta kashe kanta, don sau uku kawai take yarda a gwada kafin a sake kunnawa. Na sake, na haɗa da shekarar haihuwarsa, na juya kalmar baya da gaba. Shiru kake ji. Haushi ya kama ni, bakina kuma ya riga hankalina.

"Ciwon nan ya taɓa masa tunani, ba ya tuna abin da ya sa."

Ta kalle ni kawai. Har yau in na tuna kallon nan kunya nake ji.

Na cire ɗan batirin cikin bod mai kama da kwabo, dabarar da ke ci a tsofaffin na'urori. Wannan ko gezau. Na ce mata saura hanya ɗaya, sai an yi wa bayos ɗin filashin. Kafin in rufe baki ta fizge kwamfutar ta rungume.

"Filashin? Wanda aka yi wa wayata hotunan yarana duk suka tafi? Ba ka isa ba."

Na sha wuya kafin ta gane cewa filashin ɗinmu daban da na masu waya. Na ce ba ma'ajiyar zan taɓa ba, ɗan aisin kaɗai zan goge in sake rubutawa. Ta ce in rantse ba abin da zai ɓace. Ban rantse ba, na dai ce ta bar mini, wannan ai ƙaramin alhaki ne. Ta tafi tana waiwaye, ni kuma na san na cika baki.

Washegari da safe na rufe ƙofar shago rabi, na ce wa maƙwabcina mai sayar da caja duk wanda ya zo ba na nan. Aisin nan bai fi rabin ƙwayar wake ba, ƙafafu takwas. Akwai ɗan kilif da ake maƙala masa, a jona da wata 'yar na'ura mai karantawa da rubutawa. Ƙa'idar aikin guda ce, wadda wanda ya koya mini ya sha nanatawa har na gaji da ji: kafin ka goge, ka kwafe abin da ke ciki, ka sake kwafewa, ka gwada su ka ga sun zo ɗaya. Na kwafa sau biyu, suka saɓa. Kilif ɗin bai zauna daidai ba. Wallahi sai da zuciyata ta ce mini in wuce kawai, ai fayil ɗin da zan zuba mai kyau ne. Allah ya taimake ni na daure. Na goge ƙafafun da sifirit, na gyara zaman kilif, na kwafa na uku da na huɗu da na biyar, duk suka zo ɗaya. Na adana a wuri uku.

Fayil ɗin da zan zuba, wani abokin sana'a ne ya turo mini, ya ce daga irin wannan kwamfutar sak ya ciro shi, ba makulli a ciki. Na yi bismilla na goge aisin, na rubuta, na'urar ta ce komai ya shiga. Na mayar da batir na danna makunni.

'Yar fitilar gefe ta kawo. Sikirin bai kawo ba.

Na jira. Na kashe na kunna. Na canza caja, na jona wani sikirin daga waje. Baƙi ƙirin, ko kwaɗon babu. Sai a lokacin na ɗauki madubin ƙara girma na duba rubutun jikin bod, na ga harafi ɗaya na ƙarshen lambar ya bambanta da na fayil ɗin abokina. Sunan kwamfuta ɗaya, ciki daban. Abin da ya kamata in duba tun farko ke nan, gaggawa da jin kai suka hana ni.

Na ce ba komai, ai ina da na asali. Na maƙala kilif zan mayar, na'urar ta ce ba ta ga aisi ba. Na sake, ta gan shi, ta fara rubutu, ta tsaya a tsakiya. Yanzu aisin ba na abokina a ciki, ba na Kawu, rabi da rabi. Gumi ya jiƙa mini riga sharkaf. Tsoro na ji, tsoro na gaske. Ba kayan kwastoma ba ne da zan ba da haƙuri in sayi wani. Mutumin da ya riƙe hannuna ya kai ni makaranta ne ya zuba maganarsa ta shekara biyu a ciki, ga shi ba zai iya sake faɗin ko kalma ɗaya ba.

Wayata ta yi ƙara, taubashiyata ce. Ban ɗauka ba. Ta sake kira, na kife wayar. Aka kira azahar na tafi masallaci, amma in ka tambaye ni me na karanta a sallar nan ban sani ba.

Abin da ya rage shi ne in ciro aisin daga jikin bod gaba ɗaya, da bulowa mai hura iska mai zafi. Na yi wannan aikin ba adadi, amma ranar sai da na ajiye bulowar sau biyu kafin in fara. Ma'ajiyar da muryar Kawu take ciki ba ta fi faɗin yatsa biyu daga wurin ba, zafi in ya yi yawa ita zai fara ci. Na rufe ta da tef mai hana zafi, na tada janareto don kada a ɗauke wuta ina tsaka da aiki. Na hura a hankali, dalmar ta yi ƙyalli, na ɗaga shi da hantsaki. Na duba ƙafafu takwas suna nan. Na ɗora shi kai tsaye a kan na'urar, na goge, na zuba na asali, na sa ta gwada abin da ta rubuta da abin da na ba ta har sau biyu. Sannan na mayar da shi mazauninsa, ina duba ɗigon da ke nuna ƙafar farko kamar mai neman allura.

Na danna makunni na rufe ido. Da na buɗe, ga akwatin nan, ga kwaɗon nan. Jiya shi ne abokin gabana, yau kuwa saura kaɗan in sumbaci sikirin. Na zauna a ƙasa na jingina da bango, na daɗe ban tashi ba.

Na kira ta na gaya mata gaskiya duka, har da kiran da na ƙi ɗauka. Ta ce, "Kada ka ƙara taɓa ta. Gobe mu maida mashi abinai." Ban yi musu ba.

Muka kama hanyar Tsafe da hantsi, don kowa ya san ba a son yamma ta yi wa mutum a hanyar nan. A motar kowa idonsa na kan daji, direba na ta gudu. Ni kuwa kwamfutar na rungume a ƙirji, kowane rami muka faɗa sai in ji kamar dalmar da na sa za ta saki.

Muka tarar da Kawu a ɗakinsa an jingina shi da matashi. Inna, matarsa, ta kawo mana ruwa ta koma tsakar gida wajen tsintar shinkafa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, na gwada, abin ya fi ƙarfina. A yi mini afuwa." Ya dube ni, ya dubi kwamfutar, ya yi nuni da hagunsa in kunna. Na kunna don kada in saɓa masa, na ɗora masa a cinya. Kwaɗon ya fito.

Ya ɗaga yatsa ɗaya yana rawa, ya yi ta yawo a kan madannan. Ina kallo ya wuce F bai taɓa ba. Na ce a raina, ka gani ko. Ya danna T. Ya sauko ya danna V. Ya koma T, ya sake V. Ya danna babban madanni.

Kwaɗon ya ɓace, kwamfuta ta fara tashi.

Na sunkuya na dubi madannan da kyau. Kowanne baƙi biyu ne a kansa, na boko a sama, na Larabci a ƙasa, ƙanana, sun fara gogewa. A kan T akwai fa, a kan V akwai ra. Fa, ra, fa, ra. Furfuri ke nan da ajami, ba wasali. Kawu bai taɓa kallon na boko ba in zai buga kalmarsa. Kwana uku madannan nan suna ƙarƙashin yatsuna ban gan su ba.

Na juya ga taubashiyata. "Takardar da ya rubuta miki, da wane rubutu ce?"

Ta dafe baki. "Da ajami. Ni na karanta na faɗa maka."

Tunanin Kawu garau yake, namu ne ya gaza. Ya kafa mini ido, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. Ban sani ba ko murmushi ne ko faɗa, na dai sunkuyar da kai.

Kafin kowa ya taɓa komai na kwashe duk muryoyin a filas biyu na ajiyar fayil. Akwai guda da ya sa wa suna "ta ɗiyata". Na nuna mata inda za ta danna, na ƙara mata sauti, na fito na bar ta da mahaifinta. Na tsaya a tsakar gida kusa da Inna, ina neman abin da zan ce mata.

Sai gyaran murya ya fito daga ɗakin, sannan muryar Kawu, cikakkiya, yadda muka san ta: "Assalamu alaikum."

Inna ta miƙe zumbur, tiren shinkafa ya zame daga cinyarta. Ta gyara mayafi ta juya wajen zaure.

"Wa alaikumus salam," ta ce. "Sannu da zuwa, Malam."