Kofin baban Raju

Jama'a, yau mun sha daɗi a sitonmu na unguwar Sulay! Muna cikin sauke kaya sai ga Raju, Ba'indiyen da muke aiki tare, ya shigo a guje da kwalin alewa, yana dariya har da hawaye.

Na ce, "Lafiya? Iƙamarka ce, takardar izinin zama, ta fito?"

Ya ce, "Ya wuce nan! An ƙara wa yayata girma. Ofishin gwamnatin da babanmu ya tsufa yana sharewa, yanzu ita ce shugaba."

Ashe su zuriyar masu shara ne, waɗanda ake ƙyama a can. Tsarin mulkin ƙasarsu ne ya ba da damar a ware wa irinsu gurbi, har wajen ƙarin girma.

Na ce, "To, da me za ta fara?"

Ya ce, "Akwai kofin da ma'aikatan ofishin suka ware wa Baba a bayan ƙofa. Da shi za ta sha shayi a kan teburinta."

Shekara uku kofinmu ɗaya da Raju, ban taɓa sanin abin da yake ji ba in na miƙa masa.

Mu masu bin diddigin asalin mutane, me za mu ce?